Murhun da Baba Ya Gina

Tun daga kan kwana Marnie Haack ta hango abin da ya sa ta taka burki har Kawu Enzo ya dafe gaban mota. Shuɗin tamfol ɗin da ta lulluɓe murhun mahaifinta da shi wata biyu cur ba ya nan. Bututun hayaƙin yana tsaye tsirara a tsakiyar toka, ya yi fari fat, wani siririn tururi yana tashi daga jikinsa a sanyin safiyar Afrilu. A gindinsa kuma ga ƙanenta Darcy da takalmin roba, riƙe da tiyo, yana feshe shi da ruwa yana fito.

Ba ta ma rufe ƙofar motar ba.

"Kashe injin nan! Darcy! Kashe shi na ce!"

Ƙarar injin ruwan da ke bayan a-kori-kurarsa ta hana shi ji. Ya ɗago mata hannu yana washe baki. Sai da ta haye bayan motar da kanta ta murɗe makunnin, sannan wurin ya yi tsit, ba a jin komai sai wani sauti ƙasa-ƙasa da ke fitowa daga dutsen, kamar an zuba ruwa a kasko mai zafi.

"Ke lafiya?" in ji Darcy. "Dubi yadda ya fito, sai ka ce sabo. Tun da na gama tatsar shanu nake kansa. Kunkunniyar nan kuwa taurin kai gare ta."

Gobarar daji ta watan Fabrairu ba ta yi minti ashirin ba ta lashe gidan da aka haife su a cikinsa, a wajen garin Kongorong. Mahaifiyarsu Lorraine ta tsira da jakar hannunta da tsohon karenta. Abu ɗaya ya rage a tsaye, murhun jin ɗumi na falo da bututunsa, wanda mahaifinsu Des ya gina da hannunsa shekarar da aka haifi Marnie. Shekara talatin da takwas Des ya yi yana yankan dutsen farar ƙasa a rami, kowane bulo na murhun nan shi ya zaɓa, shi ya yanka da zarto. Shekararsa uku da rasuwa. Marnie ta zauna da mai zanen gidaje a birnin Adelaide, inda take zaune, har sau biyar, ba ta bar shi ya huta ba sai da ya zana sabon falo ya zagaye tsohon murhun. Mako mai zuwa magina za su fara. Yau ta ɗauko Kawu Enzo Cattapan, tsohon magini kuma aminin mahaifinta, don ya duba ya ce murhun zai tsaya.

Tana kallo kusurwar wani bulo ta kumbura, ta tsage, ta zame ƙasa kamar jiƙaƙƙen biredi.

Ta miƙa hannu za ta tare.

"Kul!" Kawu Enzo ya daka mata tsawa daga baya, yana takowa da sandarsa. "Kada ki taɓa, 'yar Des. Fatar hannunki zai cinye."

Ko ba ta taɓa ba tana jin zafin a tafinta. Darcy ya saki tiyon, fara'ar ta fara barin fuskarsa.

"Me ya same shi? Ruwa ne fa kawai."

"Ruwa ne kawai," Marnie ta maimaita. "Ka ji shi, Kawu? Ruwa ne kawai. Ƙaton banza, shekara talatin da shida, uban 'ya'ya uku. Dutsen da ya sha babbar wuta ya riga ya toyu, sakarai! Ya koma ɗanyar farar ƙasa! Ka zuba masa ruwa ya tafasa ya ruguje. Me kake zato na saya wa tamfol? Ado? Duk Asabar ina tuƙin awa biyar ina zuwa ina ɗaure igiyoyin nan, kai kana ganin ba ni da aikin yi ne?"

"To ni ina na sani?"

"Ko karen gidan mai yankan dutse ya san wannan!"

"Ke aka koya wa ai." Ya ture hularsa baya, wuyansa ya yi ja. "Ke Baba yake ɗauka zuwa ramin duk hutun makaranta. Ke aka saya wa ƙaramin zarto. Ni an taɓa kai ni? Bokiti aka miƙa mini aka nuna mini shanu. Ki tambaye ni ciwon hantsar saniya, yanzu in ba ki amsa."

"Kada ka kawo mini wannan kukan yau."

"Ba kuka nake ba, gaya miki nake."

"Ku yi mini shiru, ku duka biyun," in ji Kawu Enzo. "Ba na ji."

Ya ciro 'yar ƙaramar guduma da guntun alli daga aljihun rigar aikinsa. Ya fara daga bayan murhun, inda ruwan bai kai sosai ba. Yakan ƙwanƙwasa bulo sau biyu, ya karkata kunnensa mai ji, sannan ya wuce na gaba. Marnie ba ta bukatar a fassara mata. Dutse mai rai ƙara yake yi garau, mataccen kuwa sai ka ji kamar an bugi buhun gari. Ta tsaya da hannu a harɗe tana sauraro. Buhu. Buhu. Buhu. Can ƙasa kusa da tushe wani ya amsa, tsohon ya sa masa gicciye da alli.

Da ya zagayo gaba bai ma ɗaga gudumar ba. Dogon dutsen da ke gicciye a saman bakin murhun, wanda Des ya ajiye shekara biyu a rumfa yana jiran ranar gini saboda ƙwaryar dodon koɗin teku da ke kwance a cikinsa jere, ya tsage gida uku. Farin kunu yana ɗiga daga tsagun. Tana ƙarama a nan take tsayawa a kan kujera tana ƙirga ƙwaryoyin da yatsa. Goma sha huɗu ne. Yanzu ko ɗaya ba ta iya gani.

"Tara," in ji Kawu Enzo, yana mayar da allin aljihu. "Tara ne masu rai, duk a ƙasa ta baya. Sauran sai a ture kafin su faɗo wa wani."

"Da ba a jiƙa shi ba fa?"

Tsohon ya sosa haɓa. Ba mutum ne mai son tambayar da amsarta ba ta da amfani ba.

"Kawu, da ba a jiƙa shi ba?"

"Da an kankare fatar da ta toyu a bushe, a hankali, a ga iya inda wutar ta shiga... wataƙila. Ban ce tabbas ba. Na ga wanda ya tsaya, na ga wanda damina ɗaya ta kwantar. Saman dai ko ta yaya sai an sauke. Amma bakin murhun," ya ɗaga kafaɗa, "wataƙila."

Marnie ta juya kan ƙanenta. Ta ga ya ja baya taku ɗaya, kamar lokacin da suke yara.

"Wa ya aike ka? Wa ya roƙe ka? Wata biyu ko igiya ɗaya ba ka taya ni ɗaurewa ba, sai yau kirki ya motsa maka?"

"Mama ce ta ce."

"Me?"

"Jiya wajen cin abinci. Ta ce Kawu Enzo zai zo dubawa, abin kunya ne ya same shi baƙi ƙirin. Ta ce in tashi da wuri in wanke shi tas kafin ku iso. Har cewa ta yi kada in yi rowar ruwa."

Kawu Enzo ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Wannan sunkuyawar ce ta tabbatar wa Marnie abin da zuciyarta ta riga ta gaya mata. Matar da ta yi shekara arba'in tana wanke kayan aikin mai yankan dutse, wadda ta sha jiƙa toyayyar farar ƙasa a ganga don fentin rumfar shanu, tana korar su daga wurin da tsintsiya don kada ta fallatsar musu a ido. Ita ce za ta ce a wanke.

Ba su jima ba wata ƙaramar jar mota ta shigo ta ƙofar gonar, tana kauce wa ramuka a tsanake. Lorraine Haack ta fito sanye da rigar sanyin surukarta, matar Darcy, wadda ta yi mata yawa, domin nata duk sun ƙone. Tana riƙe da flas ɗin shayi da gwangwanin kek. Ta dubi murhun sau ɗaya, ta ɗora kayan a kan motar Darcy.

"Enzo, ina kwana. Yaya gwiwar? Madara kawai ko, ba sukari?"

"Mama," in ji Marnie.

"Bari in zuba wa mutum shayi tukuna."

"Mama, kin san abin da ruwa zai yi masa."

Lorraine ta gama cika kofin, ta miƙa wa tsohon, ta murɗe murfin flas ɗin.

"Na sani."

Marnie ta ɗauka za ta musa, ko ta ce tsufa ne, ko ta ce ta manta. Ta shirya wa duk wannan. Abin da ba ta shirya wa ba shi ne kalma biyu, a bushe, da ido cikin ido.

"Kin sani," ta ce. "Kin sani, kika sa aka narkar da abu ɗaya tak da ya rage mana na Baba. Hotunansa sun ƙone, zartunansa sun ƙone, ko hularsa ba mu da ita. Abu ɗaya wuta ta bar mana, ke kika ƙarasa mata aikin!"

"Sau uku ina gaya miki ba na so."

"Yaushe?"

"A gidan Darcy, washegarin gobara. A waya, ranar da kika ce kin sami mai zane. Da ranar da kika shimfiɗa mini takardar a kan tebur kika sa mini biro a hannu. Na ce miki, Marnie, ni da sabo zan fi so. Kika ce ruɗewa ce, zan dawo hayyacina. Kika shafa mini kafaɗa sai ka ce mara lafiyarki ta asibiti."

"Ai ba haka ake cewa ba a so ba! Sai ki buga tebur!"

"Ni ban iya buga tebur ba. Ke da ubanki kuka iya."

"Shi ne kika iya zagaye."

"Shi ne na iya." Lorraine ta ɗaga yatsa ta nuna bututun. "Ubanki gwanin yanka ne, kowa ya shaida. Amma ba magini ba ne. Enzo, ƙarya nake? Ka gaya masa maƙogwaron bututun ya yi faɗi ko ba ka gaya masa ba?"

"Lorraine, ki cire ni a ciki."

"Ka gaya masa. Ya ce ka tafi ka koya wa kakarka. Duk ranar da iskar kudu ta taso hayaƙi cikin falo yake dawowa. Shekara arba'in ina hawa tsani ina goge silin, ina wanke labule, ina tari. Ke Kirsimeti da Ista kike zuwa, ki zauna a gabansa da kofi a hannu ki ce kai, gida da daɗi. Kwana uku ki koma. Ni zan zauna da shi, ni kaɗai, kullum da yamma, ina kallon abin da ya tsaya ƙyam yana kallo komai nawa ya ƙone. Ba zan iya ba. Gidana ne ko naki?"

"Babana ne!"

"Mijina ne. Na riga ki saninsa."

Kawu Enzo ya kurɓi shayinsa da ƙarfi ya juya yana kallon shingen waya.

"Na je ramin ranar Laraba," Lorraine ta ci gaba, muryarta ta sauka. "Na zaɓi dutse. Fari, mai laushin ido, ba ƙwarya ko ɗaya da ƙura za ta maƙale a ciki. Sun ce ya sha iska wata shida, ya bushe. Ƙarami nake so, iya ƙuguna, a sa murhun ƙarfe mai ƙofar gilashi a ciki, in rufe in huta. Enzo zai duba musu aikin."

Marnie ta waiwaya ta dubi tsohon.

"Kai ma da kai?"

"Na rantse da kabarin matata ban san zancen ruwa ba. Zaɓen dutse ta ce in raka ta, na raka ta. Na ɗauka za ku zauna ku yi magana kamar mutane."

"Ka hau motata yau da safe, muka yi minti arba'in kana ba ni labarin tumatirinka!"

"To me zan ce miki? Kina da fuskar da ake gaya wa magana?"

Duk wannan lokacin Darcy yana tsaye inda yake, tiyon yana kwance a ƙafarsa. Sai yanzu ya yi magana, a hankali, ba kamar yadda ya saba ba.

"Mama. Me ya sa ni?"

"Kai ne mai inji."

"A'a. Don ni ne ban sani ba." Ya juyo ya dube ta. "Kin duba duk gidan kin ga wane ne jakin da zai yi ba tambaya. Ina fito fa nake yi, Mama. Ina murna zan burge Marnie sau ɗaya a rayuwata. Kin sa na kashe aikin Baba da hannuna ina fito."

"Darcy, ɗana..."

"Kada ki ce mini ɗana yanzu."

Nan ne fuskar Lorraine ta motsa. Ta buɗe gwangwanin kek, ta sake rufewa. Marnie ta ga haka, wani ɓangare na zuciyarta ya so ya yi laushi, ta hana shi. Ta tafi bayan a-kori-kurar ta jawo ƙarfen ɓanɓare da safar hannu ta fata.

"Kawu, ta ina zan fara don kada ya faɗo mini?"

"Ba za ki fara ba sai an kwantar da saman. Darcy, kana da igiyar ja?"

Yana da ita. Bai dubi kowa ba ya ɗauko, ya jefa ta ta zagaye bututun da taimakon doguwar gora, ya ɗaura a ƙugiyar motarsa. Kawu Enzo ya kore su baya, ya nuna masa ya ja ta gaba, don ɓaraguzan su zube nesa da bulo taran. Motar ba ta ma yi nishi ba. Bututun da ya yi shekara arba'in da ɗaya a tsaye ya sunkuya, ya karye a tsakiya, ya zube da wata ƙara mara ƙarfi. Farar ƙura ta tashi ta sauka a kan tokar.

Awa ɗaya da rabi suka yi suna ciro taran. Marnie tana sa ƙarfe a layin siminti tana ɓanɓarewa, Darcy yana ɗagawa, ba mai ce wa wani uffan sai "riƙe" da "saki". A saman kowane bulo akwai 'yar kibiya da aka zana da fensir, alamar da Des yake sawa don a kwantar da dutse yadda yake kwance a cikin ƙasa. Siminti ya rufe su tun ranar gini, ba wanda ya sake ganinsu sai yau. Darcy ya tsaya a kan ta farko yana kallo. Bai tambaya ba, ita ma ba ta yi masa bayani ba.

Ta buɗe but ɗin motarta ta kwantar da kujerun baya.

"A ina za ki ajiye su?" in ji Darcy. "A bene hawa na biyu kike, ko baranda ta kirki ba ki da ita."

"A kan gadona. Ina ruwanka?"

"Motar nan ba za ta kai Adelaide ba."

"To ta mutu a hanya."

Sun loda shida, bayan motar ya fara zama a kan tayoyi, sai Lorraine ta matso. Ta daɗe tana tsaye a gefe da hannu cikin aljihun rigar da ba tata ba.

"Marnie. Ki bar mini ɗaya. Enzo ya sa shi a ƙasan sabon, inda zan riƙa ɗora ƙafa. Ɗaya kawai."

Marnie ta miƙe. Farar ƙura ta cika mata gashi da gira, bayanta yana ciwo.

"Kin zaɓi naki ranar Laraba."

"Marnie."

"Ko ɗaya, Mama. Da kin buɗe baki kin ce mini a'a yadda zan ji, da mun yi faɗa, da na yi kuka, da Kawu ya sauke shi a bushe, bulo bayan bulo. Da yanzu dogon dutsen nan yana nan, ki ba ni ko ki riƙe. Ke kika ga ruwa ya fi sauƙi. To ki zauna da sauƙin."

Lorraine ta koma wajen flas ɗinta.

Na bakwai da na takwas suka shiga da ƙyar. Marnie ta juyo ɗaukar na tara, ta tarar Darcy ya riga ya rungume shi a ƙirji. Bai nufi motarta ba. Ya wuce ta gabanta ya kai shi gaban a-kori-kurarsa, ya ajiye a kujerar fasinja, ya rufe ƙofa, sannan ya tsaya yana kallonta da jan wuyansa, yana jiran ta yi magana.

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta buga murfin but ɗin, bai kama ba, ta sake bugawa da ƙarfi.

"Kawu Enzo, in za ka tafi ka shigo."

"Ki je, 'yar Des. Uwarki za ta sauke ni." Ya ɗaga kofinsa. "Ki bi a hankali wajen gada, bayan nan zai taɓa ƙasa."

Ta tayar da mota. A madubi ta ga mahaifiyarta tana zuba shayi a kofi na biyu tana miƙa wa Darcy, shi kuma ya sunkuya yana naɗe tiyonsa kamar bai gani ba. Wajen gada bayan motar ya taɓa ƙasa, ta ji ƙarfe ya kurje, ba ta rage gudu ba.